Darasin Kiwo: Ina Ake Samun Irin Kaza Na Gari?

Manoma da masu kiwo, maza da mata, na Sukukutane da sauran garuruwan Arewa:

Kowa ya san yadda ake fid da irin hatsi. Da kaka manomi na zaɓen zangarniya mai tsawo, mai cikar tsaba, shi ɗaure ta daban, ko yunwa ta matsa ba shi taɓa ta. Amma in an zo ga kaji sai a yi akasin haka. Babban zakara a yanka ma baƙo, kaza mai nauyi a kai kasuwa, ƙananan da sunka rage su ne iri. Shi ya sa kajin gidaje da yawa ke ƙara ƙanƙancewa. Darasinmu na yau shi ne: kaza ma ana fid da irinta, kuma aikin daga gida yake farawa.

1. Ku san kajinmu

Kajin gida ba iri ɗaya ba ne. Akwai kolonto, babbar kaza mai dogayen ƙafafu, wadda anka fi sani a ƙasar Gaya. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu. Akwai fingi mai murɗaɗɗen gashi. Akwai kuma marar gashin wuya, wadda ke jimre zafin bazara don ƙarancin gashinta. Masu kiwon sha'awa na neman waɗanga don kyan gani, amma amfaninsu ya wuce nan: sun saba da ƙasarmu, suna neman abincinsu da kansu.

Kazar gida na yin ƙwai 40 zuwa 50 a shekara, cikin zubi 3 ko 4. Kazar gidan gona na iya kusantar 300, amma ba ta cika yin kwanci ba. Tamu ita ke kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi renon ƴan tsaki, ta tsare su daga shirwa. Har ƙwan zabi ita muke ba, ta kwanta masu wajen kwana 28. In irinta ya ɓace, kiwon zabi ma ya samu rauni.

2. Darasin baƙin zakaru

A shekarun 1960 da 1970, ƙasashe da dama na Afrika ta Yamma sun raba ma ƙauyuka jajayen zakaru irin Rhode Island, waɗanda asalinsu daga Amurka ne. Ɗiyansu na farko sun fi girma, sun fi ƙwai. Amma inda babu isasshen abinci da rigakafi, baƙin zakarun ba su daɗe ba, kuma bayan ƴan shekaru jininsu ya narke cikin na gida. Baƙon jini ba laifi ba ne. Sai dai wanda ke son riƙe kolonto ko durgu tsantsa, kada shi bar baƙon zakara cikinsu.

3. Inda za ku nemi iri

Ku saya daga gidan da kunka sani. Ku ga uwa, ku ga uba, ku tambayi ƙwai nawa ta kwanta ma, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa sunka girma. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe.

Ku yi hattara da kasuwa, musamman lokacin ɗari. In ciwo ya shiga gari, mutane na gaggawar saida kajinsu da araha, kuma kaza na iya ɗauke da ciwo kwanaki kafin shi bayyana. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya cikin Fabrairun 2006 ta nuna muna cewa annobar kaji ba ta san iyakar ƙasa ba. Duk kazar da kunka kawo, ku ware ta a nata akurki sati 2 zuwa 3. Ku fara ba naku abinci, sannan ita daga baya, ku wanke hannu.

Hanya mafi sauƙin hatsari ita ce sayen ƙwai. Ku ɗauki wanda bai wuce kwana 7 ba, mai tsabta, marar tsaguwa. Kada ku wanke shi. Ku jera shi cikin ƙaiƙayi a ƙwarya ko kwali, ku tsare shi daga rana da girgizar hanya. Ku sa ma kazar da ta riga ta zauna a gurbi ƙwai 10 zuwa 12, gwargwadon girmanta. A kwana na 10 ku haska da tocila cikin duhu, ku fid da baragurbi.

Mai son kolonto shi tuna Gaya ta fi mu ruwan sama da ciyawa da ƙwari. Babbar kaza babban ciki gare ta. In kun kawo ta nan, ku tanadi dusa da gara da ruwan sha a inuwa.

4. Zaɓe cikin gida

Ku ɗaura ma kowace uwa zare mai launi a ƙafa. Ɗan lakwal shi rubuta maku a kaye: ranar kwanci, yawan ƙwai, yawan ƴan tsaki, da waɗanda sunka kai wata 2. Uwar da ta ƙyanƙyashe 8 cikin 10 kuma ta raya mafi yawansu, sagarunta ne iri. Cikin ƴan zakaru ku bar wanda ya fi saurin girma, mai faɗin ƙirji, mai miƙaƙƙun ƙafafu. Sauran su ne na kasuwa da na baƙi.

5. Haɗin zakara da kaza

Zakara 1 ya isa ma kaji 10. Kada shi wuce shekara 2 a gida ɗaya, don kada shi riƙa hawan ɗiyansa. Jini ɗaya in ya yi ta maimaituwa, ƙyanƙyasa na raguwa, ƴan tsaki na fitowa da rauni. Ku yi musanya da mai irin kajinku na wani gari, ko Matankari, ko Dogon Kirya, ko Tibiri, bayan an ware zakaran kamar yadda munka ce.

Kada ku haɗa fingi da fingi: wajen 1 cikin 4 na ɗiyan na fitowa da gashi mai kakkaryewa, ɗari da rana su dame su. Ku haɗa fingi da mai gashi sumul, wajen rabi za su fito fingi. A kajin Japan masu gajerun ƙafafu, an gano in uwa da uba duka gajeru ne, kusan 1 cikin 4 na mutuwa cikin ƙwai. In kun ga durgunku na yawan barin baragurbi, ku gwada haɗa ta da zakara mai ƙafa daidai.

6. Rigakafi

Aikin shekara 3 na iya ƙarewa cikin sati guda. Annobar da likitoci ke kira Niyukasal, da sunan garin Ingila inda anka gan ta a 1926, tana sa kore zawo, da wuyar numfashi, da murɗewar wuya. Ba ta da magani, sai rigakafi. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido mai suna I-2, wanda ake maimaitawa duk wata 4. Ku nemi ma'aikacin kiwo tun da kaka, kafin ɗari shi shigo, kuma unguwa duka ta yi tare. Kazar da ta mutu a bizne ta da zurfi ko a ƙone ta.

Tambayoyi don masu saurare

Wane irin kaza ne iyayenku sunka kiwata wanda ya yi wuyar gani yanzu? Gidan wa ya rage? Shekara nawa zakaranku ya yi a gida? Ku tattauna, ku aiko muna da amsa.

Allah shi ba mu albarkar kiwo, amin.