Tsutsar Lemu da Ɗangon Fara

Karatu: Romawa 12:1-2, 2 Korintiyawa 3:18

In akwai bishiyar lemun tsami kusa da gidanka, je ka duba ganyenta da damina. Wataƙila ka ga wani abu kamar kashin tsuntsu manne a ganye. Ka taɓa shi da tsinke, za ka ga ya motsa. Tsutsa ce, kuma wannan kamannin ne yake ɓoye ta daga tsuntsaye. Uwarta ita ce babban malam-buɗe-littafi mai baƙi da ɗigon rawaya da kake gani yana shawagi a lambu.

Rayuwarta mataki 4 ce. Da fari ƙwai, ƙarami kamar ƙwayar gero, wanda yake ƙyanƙyashewa cikin 'yan kwanaki. Sai tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci. Fatarta ba ta girma tare da ita, don haka takan yi saɓa kamar maciji, har daga baya ta koma koriya shar. A saɓa ta 5 ne abin mamaki yake faruwa. Takan daina ci, ta ɗaure kanta a reshe da zaren da ta fitar daga bakinta, ta zama wani ƙunshi mai tauri, ba ƙafa, ba baki, ba tafiya. Haka za ta zauna mako 2 ko fiye.

Mai wucewa zai ce ta mutu. Amma a ciki ne ake babban aiki. Yawancin naman jikin tsutsar yana narkewa, ana gina sabon jiki da shi. Fukafukai, dogayen ƙafafu da manyan idanu suna fitowa ne daga wasu ƙananan tarin ƙwayoyin halitta waɗanda suke ɓoye cikin tsutsar tun tana cin ganye. Wato abin da za ta zama yana cikinta tun ranar da take kama da kashin tsuntsu. In ƙunshin ya tsage, takan fito da fukafukai a cukuikuye, ta rataya tana tura ruwan jikinta cikin jijiyoyinsu har su miƙe su bushe. Bakin taunar ganye ya tafi. Yanzu dogon baki ne a naɗe, na tsotsar ruwan zaƙin fure. Ko ta sauka kan ganyen jiya, ba za ta iya cinsa ba.

Fara ba haka take ba. Ɗango yana fitowa daga ƙwai da kamannin uwarsa, sai dai ba fukafukai. Yana saɓa yana girma, a ƙarshe ya sami fukafukai, amma bakin nan ne, cin nan ne. Ɗango yana cin gona da ƙafa, babbar fara tana cin gona da fiffike. Manomi ya san wanda ya fi ɓarna.

Kalmar Helenanci da Manzo Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 12:2 ita ce tushen sunan da masana suke kiran wannan sākewar ƙwari da shi. Ita ce kuma a Matiyu 17:2, inda kamannin Yesu ya sāke a kan dutse. Lura da yadda Bulus ya faɗe ta: ba kai ne mai sāke kanka ba, a kanka ake yin aikin. Naka shi ne miƙa jiki. Ruhu Mai Tsarki ne mai gini.

To, ɗan'uwa, wanne ne naka? Ana iya shekara 20 a ikilisiya, a haddace waƙoƙi, a sami muƙami, a iya addu'a da babbar murya, amma kwaɗayin yana nan yadda yake: gulma, riƙon mutum a zuci, cin kuɗin da ba naka ba. Wannan girman ɗango ne, kuma muƙami fiffike kawai ya ƙara masa. Kada ka auna kanka da daɗewa. Ka tambayi kanka abin da kake marmari a da wanda yau ba ya shiga bakinka.

Ke kuma 'yar'uwa da kika ji kamar an ɗaure ki a reshe, kin yi azumi, kin yi kuka, ba amsa, har abin da kika saba dogara da shi yana narkewa, kada ki yi saurin cewa Ubangiji ya yashe ki. Ban ce kowace wahala aikin sākewa ba ce. Wata magani take bukata, wata tuba, wata kuma shawarar fasto. Amma akwai shirun da na aiki ne, kuma ba a gane shi daga waje. Kafin ki ce za ki daina zuwa sujada, ki nemi wata dattijuwa cikin bangaskiya a wannan mako, ki faɗa mata inda kike, ku durƙusa tare.