Yadda Ake Lissafin Jeri da Zaɓi, Daga Adashi Zuwa Kwamiti

A ce mata bakwai 'yan kasuwar Batsari sun kafa adashi, suna zubi duk Alhamis, ranar da kasuwa ke ci. Hanyoyi nawa uwar adashi za ta iya jera masu kwasa? Amsar 5,040 ce, kuma ba sai an cika littafi da sunaye kafin a gano ta ba. Wannan shi ne lissafin jeri da zaɓi, wanda ɗaliban sakandare ke haɗuwa da shi a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma shi ne ke bayan maɓallan nPr da nCr na kalkuleta. Yawancin masu faɗuwa a wannan babi ba ninkawa ce ke kayar da su ba. Hadda suke yi wa ƙa'idoji, sai a ɗakin jarrabawa su rasa wacce za su ɗauko. Ga hanyar da ba ta buƙatar hadda.

Mataki na farko: tambayi kanka ko wa ya riga wa yana da tasiri

Ɗauki amsa guda ɗaya, ka musanya wa mutum biyu wuri. Idan abin ya canza, jeri kake ƙirgawa. Idan yana nan yadda yake, zaɓi ne. A adashi, wadda ta kwasa a makon farko da wadda ta kwasa a na bakwai ba ɗaya suke ba, tambayi duk wadda ta taɓa zama ta ƙarshe. Wannan jeri ne. Amma in ƙungiyar manoma a Runka za ta tura mutum uku Katsina karɓo taki, ko sunan wa aka fara kira, su ukun ne dai za su shiga mota. Wannan zaɓi ne. Kada alƙalaminka ya taɓa takarda sai ka yanke wannan hukunci.

Mataki na biyu: zana gurabe, ka ninka

Ja layuka gwargwadon guraben da za a cike, ka rubuta a kan kowane adadin waɗanda za su iya shiga cikinsa. A adashin nan, makon farko mata bakwai ne ke da dama. Da ɗaya ta kwasa, saura shida a mako na biyu, sai biyar, har a zo kan ta ƙarshe wadda ba ta da abokiyar takara. Wato 7 × 6 × 5 × 4 × 3 × 2 × 1 = 5,040. Ana taƙaita wannan da lamba da alamar motsin rai, 7!, malamai na kiransa faktoriyal.

Me ya sa ninkawa, ba tarawa ba? Domin kowace mace da ta fara kwasa tana buɗe hanyoyi shida na mako na biyu, kowace daga cikin shidan kuma ta buɗe biyar. Shi ya sa adadin ke kumbura da sauri: mutum huɗu hanyoyi 24 ne, mutum goma 3,628,800, adashin mutum goma sha biyu kuwa 479,001,600, abin da ya zarce yawan al'ummar Najeriya baki ɗaya.

Idan gurabe ba su kai yawan mutane ba, tsaya inda guraben suka ƙare. Ƙungiya mai mutum tara za ta naɗa shugaba da sakatare da ma'aji: 9 × 8 × 7 = 504. Idan kuma an yarda a maimaita, adadin ba ya raguwa daga gurbi zuwa gurbi. Lambar sirri ta katin banki da kake danna wa mai POS gurabe huɗu ce, kowane na karɓar 0 zuwa 9, don haka 10 × 10 × 10 × 10 = 10,000. Lambar mota ma haka: bayan haruffa ukun da ke nuna ƙaramar hukuma, lambobi uku ne da haruffa biyu, wanda ko an halatta kowane harafi da kowace lamba ba za su wuce 676,000 ba.

Mataki na uku: in zaɓi ne, raba don kawar da maimaici

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ya kamata malami ya ɓata lokaci. Koma kan ƙungiyar mutum taran, amma yanzu wakilai uku kawai ake so, babu muƙami. Fara da 504 ɗin da ka samu. A cikinsa, Audu da Bala da Sani sun fito a matsayin shugaba, sakatare, ma'aji. Sun sake fitowa Bala na gaba. Sun sake fitowa Sani na gaba. Mutum uku na jeruwa hanyoyi 3 × 2 × 1 = 6, don haka kowace tawaga an ƙirga ta sau shida. Raba 504 gida shida, ka samu 84. Abin da maɓallin nCr ke yi ke nan, babu wani sirri bayan wannan.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san wannan ko ba su san sunansa ba. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar Firimiyar Ingila, kowace na karawa da kowace gida da waje. Tunda wa ke gida yana da tasiri, jeri ne: 20 × 19 = 380, adadin wasannin kaka ɗaya. Da sau ɗaya ake haɗuwa, sai a raba biyu, 190. Mai shirya gasar unguwanni a Safana da ƙungiyoyi takwas, in kowa zai kara da kowa sau ɗaya, wasanni 28 ke gabansa. Gara ya sani kafin ya yi alkawarin gamawa cikin mako biyu.

Wannan rabawar ce dai ke aiki idan wasu abubuwan kamarsu ɗaya. Haruffan SAFANA shida ne, da sun bambanta da 720 za a samu. Amma A uku ce, musanya su ba ya canza komai, sai a raba da 6, a samu 120.

Mataki na huɗu: fara da mai sharaɗi

Rayuwa ba ta cika zuwa babu sharaɗi ba. Ɗaya daga cikin 'yan adashin za ta aurar da 'ya, an amince ita za ta fara kwasa. Zaunar da ita a gurbinta, ka jera sauran shida: 720. A ce kuma babu wancan sharaɗin, amma wasu biyu na son kwasarsu ta biyo juna don su haɗa su sayi injin markaɗe. Ɗaure su wuri guda ka ɗauke su tamkar mutum ɗaya, jerin ya koma na shida, 720, sannan ka ninka da biyu domin ko wacce cikinsu na iya riga: 1,440.

Mataki na biyar: "da" ninkawa ce, "aƙalla" kuwa a bi ta baya

Batsari da Safana da Ɗanmusa mazaɓar tarayya ɗaya ce, don haka tawagar haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne. A ce akwai dattawa shida daga Batsari, biyar daga Safana, ana son mutum huɗu, biyu daga kowane ɓangare. Biyu cikin shida hanyoyi 15 ne, biyu cikin biyar 10. Ana buƙatar wannan da wancan a lokaci guda, sai a ninka: 150.

To in sharaɗin shi ne aƙalla mutum ɗaya ya fito daga Safana fa? Ga ramin da masu wayo ke faɗawa: su ware mutumin Safana ɗaya, hanyoyi 5, su cike sauran gurabe uku daga mutum goman da suka rage, hanyoyi 120, su ninka su samu 600. Kuskure ne, domin tawagar da ke da 'yan Safana biyu an ƙirga ta sau biyu, mai uku sau uku. Abin yi shi ne ka ƙirga duka tawagogin ba sharaɗi, huɗu cikin goma sha ɗaya, 330, ka debe waɗanda babu ɗan Safana ko ɗaya, huɗu cikin shida, 15. Saura 315.

Mataki na shida: gwada amsarka

Amsa mai sharaɗi ba ta taɓa fin marar sharaɗi, shi ya sa 600 ɗin can ta tona wa kanta asiri a gaban 330. In rabawa ta bar saura, akwai ɓaraka a wani wuri. In kana shakka, rage mutanen zuwa uku ko huɗu, ka zayyana su da hannu, ka ga ko hanyarka ta ba da adadin.

Ga aikin gwaji daga gida. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lambobi. Ɗauki mafi ƙanƙanta, mai gida tara, inda ake zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Hanyoyin zuba lambobin 9! ne, wato 362,880. Nawa ne suka cika sharaɗin? Fara da masu sharaɗi: dole 5 ta zauna a tsakiya, 2 da 4 da 6 da 8 su kama kusurwoyi. Lamba 2 na da kusurwoyi huɗu da za ta zaɓa, 8 ta zauna a kusurwar da ke fuskantarta a karkace. 4 na da biyu da suka rage, 6 ta ɗauki ta ƙarshe. Sauran gidajen kuwa lissafin 15 ne zai cike su da kansa. Wato 4 × 2 = 8. Zana ɗaya, ka juya takardar sau huɗu, ka kifa ta ka sake juyawa, za ka ga duka takwas ɗin.