A Sake Kalkuleta Ko A Riƙe Tsohuwar?

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku da za ku koyar da lissafi in mun fita, ga wata magana da kan taso a tsakaninmu. Mutum yana da kalkuleta mai zana giraf, ta kwana biyu a hannunsa, sai ya ga wani da sabuwa mai launi a fuska, nan da nan ransa ya biya. Ni ma maganar ta shafe ni, gama tawa TI-83 Plus ce da na gada wurin yayana, wadda ni ke hange kuwa ita ce TI-84 Plus CE. Da ya ke kuɗin ɗalibi ba ya da yawa, na zauna na auna abin, ga kuwa yadda na auna shi.

Da fari ya kamata mu san asalin abin. A 1614 wani mutumin Sikotlan, John Napier, ya fitar da logaridam, watau dabarar da ke mai da ninkawa ta zama tarawa. Daga nan aka sami teburan nan masu lamba huɗu waɗanda malamanmu suka yi jarrabawa da su. A 1972 kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya yi HP-35, kalkuletar kimiyya ta fari mai shiga aljihu. A 1985 kamfanin Casio na Jafan ya fitar da fx-7000G, ita ce ta fara zana giraf. Kamfanin Texas Instruments ya biyo baya da TI-81 a 1990, sa'an nan TI-83 Plus a 1999, TI-84 Plus a 2004, TI-84 Plus CE kuwa a 2015. Kun ga tsakanin tawa da wadda ni ke hange shekara 16 ke nan.

To, mene ne ya sake cikin shekarun nan? Fuskar tsohuwar ɗigo 96 ne a kwance, 64 a tsaye, jimla 6,144, baƙi kaɗai. Fuskar sabuwar ɗigo 320 ne da 240, jimla 76,800, watau ninki 12 da rabi, ga launi, ga haske daga ciki. Sabuwar ta fi sauri, ta fi sauƙin ɗauka, batirinta kuma caji a ke yi masa. Tsohuwar kuwa ƙananan batura huɗu ta ke ci, irin waɗanda a ke kira AAA. Waɗannan duka gaskiya ne. Amma malami ba zai sayi abu don kyaun fuska kaɗai ba, sai ya gwada shi a kan aikinsa. Saboda haka na ari sabuwa wurin wani abokina, na ajiye su biyu a kan tebur, na ba su aiki iri ɗaya har sau uku.

Gwaji na fari shi ne y = x² − 5x + 6. In kun ba x daraja daga 0 zuwa 5, y zai ba ku 6, 2, 0, 0, 2, 6. Layin ya kan sauko ya lanƙwashe ya koma sama, kamar ƙwarya a zaune. Ya ratsa layin kwance a 2 da 3, gindinsa kuwa yana inda x ya ke 2.5, y kuma −0.25. Duka biyu sun ba da amsar nan daidai. Zanen sabuwar ya fi santsi, na tsohuwar yana da ɗan kaushi kamar matakala, amma ko lamba ɗaya ba ta bambanta ba. Galibin aikin da za mu yi da yaran sakandare kuwa irin wannan ne.

Gwaji na biyu shi ne y = x² − 50x + 600. Da na sa shi, duka biyu suka nuna mini fili, babu layi ko kaɗan. Dalili kuwa shi ne, in ba ka gaya musu ba, daga −10 zuwa 10 kaɗai su ke nunawa, a kwance da a tsaye, kamar mai leƙen gari ta ƙaramar taga. Shi kuwa wannan layi, ko a inda x ya ke 10, y ya kai 200. Wanda ya iya aljabara zai rarraba lissafin ya ga (x − 20)(x − 30) ne, ya san layin zai ratsa a 20 da 30, gindinsa kuma a 25 da −25. Sa'an nan ne zai buɗe tagar daga 0 zuwa 50, zanen ya fito. Ku lura da wannan ƙwarai. Yaron da bai iya rarrabawa ba, ko an ba shi sabuwar, fili zai yi ta kallo.

Gwaji na uku shi ne y = 1/(x − 2), a nan ne sabuwar ta ci. Sa'ad da x ya ke 1.9, y yana −10, sa'ad da ya ke 2.1, y yana 10. A kan 2 sosai kuwa babu amsa, gama ba a raba lamba da sifiri. Watau zanen kashi biyu ne da ba su taɓa juna. Ita tsohuwar ɗigo-ɗigo ta ke lissafawa tana haɗa su, saboda haka sai ta ja layi a tsaye ta haɗa na ƙasa da na sama, alhali kuwa layin ƙarya ne. Sabuwar tana da dabarar gane irin wannan wuri, ta bar shi a buɗe. Duk da haka tsohuwar tana da magani. In ka umarce ta ta sa ɗigo kawai kada ta haɗa, layin ƙaryar sai ya ɓace. Ni a ganina ma, layin nan abin koyarwa ne. Ka nuna wa yara, ka tambaye su nawa ne y in x ya zama 2, su gane da kansu na'ura ma a kan bincike ta.

Har wa yau akwai inda launi ke da amfani. In an zana layi huɗu ko biyar a fuska ɗaya, na tsohuwar su kan cuɗe, na sabuwar kuwa kowane da kalarsa. Mai raunin ido, ko mai karatu da dare, shi ma zai ji daɗin fuska mai haske.

Yanzu sai maganar jarrabawa, wadda ta fi sauran nauyi a gare mu. Hukumar WAEC ba ta yarda a shiga da kalkuletar da a ke iya ajiye mata umarni a ciki ba, masu zana giraf ɗin nan kuwa duka irinta ne, tsohuwa da sabuwa. In tambayar giraf ta fito, da fensir da rula yaro zai zana a kan takarda mai gida-gida. A Amurka ne al'adar ta bambanta, inda makarantu da yawa ke sa yara su sayi irin TI-84. Ko a can ɗin ma akwai iyaka, domin jarrabawar ACT ta hana masu warware aljabara da kansu, kamar TI-89. Saboda haka mai niyyar wata jarrabawa ta waje, sai ya karanta dokarta tukuna ya je kasuwa.

Akwai kuma abin da bai kamata mu manta ba. Tun 2001 akwai GeoGebra, wadda aka fara a ƙasar Ostiriya, tun 2011 kuma akwai Desmos. Duka biyu kyauta ne, suna aiki a waya da kwamfuta, launinsu da santsin zanensu sun fi na kowace kalkuleta. Watau abin da sabuwar ta fi tsohuwar da shi, wayar da ke aljihun yawancinmu tana yinsa ba ko kwabo. A Amurka kuwa kuɗin sabuwar ya haura dala 100, kafin a zo ga kuɗin kawo ta. Ga kuma zancen batir. Wanda aka tura shi koyarwa ƙauyen da wuta ba ta zama, AAA zai samu a kanti, amma caji sai ya nemi inda zai yi.

To, yaushe ya kamata a sake? In fuskar ta fara cin layi har lamba ba ta karantuwa, ko maɓallai sun daina amsawa, lokaci ya yi. In karatun da ka ke yi yana bukatar abin da tsohuwar ba ta iyawa, kamar rubuta umarni da harshen Python, wanda aka sa a wani irin TI-84 Plus CE a 2021, wannan ma dalili ne mai ƙarfi. Haka kuma in idonka na wahala da fuskar da ba ta da haske. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, da tsohuwar zuma a ke magani. Sai dai a kula da ita. In za a tafi dogon hutu a cire batura, domin ruwansu ya kan tsiyaye ya cinye ƙarfen ciki.

Ni dai na tsai da shawara zan riƙe tawa. Kuɗin da na tara kuma zan sayi ƙaramar kalkuletar kimiyya irin wadda yarana za su shiga jarrabawa da ita, da babbar rula ta allo, da takarda mai gida-gida da za ta ishi aji guda.

Ga ɗan aiki ga mai son ya auna tasa. Ka rubuta lissafi goma da ka yi da kalkuletarka a wannan zango, ka sa alama a kan waɗanda ta kasa. Sa'an nan ka ɗauki y = x² − 70x + 1,200, ka nemi inda zai ratsa layin kwance da fensir tukuna, kana ka sa shi a na'ura. In ka rasa alama ko ɗaya a jerin goman nan, ka san amsar tambayarka. Allah ya taimake mu ga aikin da ke gabanmu.