Kwantirolan Babur Mai Lantarki: A Auna Kafin a Canja

Ƙaramin babur mai lantarki, wanda ake kira sikuta, ya dogara ne a kan abubuwa uku: batir, injin da ke cikin taya, da kwantirola da ke tsakaninsu. Injin naɗin wayar tagulla ne kashi uku, da maganaɗisu kewaye da su, kuma ba ya juyawa sai an riƙa ba kowane kashi wuta bi da bi a daidai lokacinsa. Wannan rabon shi ne aikin kwantirola. Yana yin sa da wasu tiranzistoci da ake kira mosfet, galibi guda 6 a ƙananan babura, yana kuma karɓar saƙo daga totur, da birki, da sensoshi uku na Hall da ke gaya masa inda taya take a juyinta.

Tunda kowace waya a kansa take ƙarewa, duk abin da ya lalace a babur shi ake fara ɗora wa laifi. A wurin gyara kuwa, sau da dama babur da aka kawo da sunan "kwantirola ya ƙone" matsalarsa tana wani wuri dabam, mai araha. Shi ya sa ake barin kwantirola sai a ƙarshen bincike.

Da batir ake farawa. Batirin bolt 36 jeri 10 ne na ƙwayoyin litiyom. Idan ya cika mita za ta nuna 42, kwantirola kuma yana yanke wuta da kansa idan ya sauka wajen 30 ko 31. Na bolt 48 yana cika a 54.6. Awo a tsaye bai wadatar ba, domin batirin da ya gaji yakan nuna cikakkiyar lamba, amma da an murɗa totur ko an fuskanci hawa sai ya zube, babur ya mutu, a sake kunnawa ya tashi kamar ba abin da ya faru. Wannan ɗabi'ar tana nuna raunin ƙwayoyin batir, ko allon kariyar da ke cikinsa yana yankewa. A nan ne kuma ake duba fis da fulogin batir, ko ya yi baƙi ko ya narke.

Idan allon nunin babur ya kama amma taya ta ƙi motsi, birki ne abin zargi na farko. Hannun birki yana da sensa da ke hana inji wuta, kuma idan ta maƙale kwantirola zai ɗauka ana riƙe da birki. A babura marasa tsari na musamman, cire fuloginta kawai ya isa gwaji. Totur wayoyi uku ne: ja mai bolt 5, baƙa, da ta saƙo, wadda ke tashi daga wajen 0.8 zuwa kusan 4 yayin da ake murɗawa. Wayoyin nan suna bi ta inda ake naɗe babur, kuma yawan naɗewa yana karya su a cikin roba ba tare da ido ya gani ba.

Wasu babura suna faɗin ciwonsu da lamba. A Xiaomi M365, lamba 10 na nufin allo da kwantirola ba sa jin juna, 14 totur ne, 15 birki, 18 sensar inji, 21 kuma saƙo tsakanin kwantirola da batir ne ya katse. Lambar tana nuna layin da za a bi ne kawai. Waya, fulogi ko na'urar kanta, sai mita ta raba gardama.

Babur da ke karkarwa yana gurnani, ko wanda sai an tura shi kafin ya ɗauka, yawanci sensar Hall ce ko ɗaya daga cikin manyan wayoyi uku na inji, rawaya, koriya da shuɗiya. Ana kunna babur a juya taya a hankali da hannu. Kowace wayar sensa ya kamata ta riƙa sauyawa tsakanin sifili da kusan bolt 5. Wadda ta tsaya cak ta mutu.

Ƙonewar kwantirola tana da alamarta. Taya takan yi nauyi tana cijewa ko da babur a kashe yake. Idan aka cire manyan wayoyin nan uku ta saki, mosfet ya haɗe a ciki. Idan ba ta saki ba, laifin yana cikin inji, ko wayar da ta fito daga gatarin taya ta goge ta haɗu, ko kuma boris. Ana tabbatarwa da mita a ma'aunin ƙara: a taɓa jar wayar kwantirola da kowace wayar inji, sannan baƙar. 'Yar gajeriyar ƙara ba komai ba ce, kafasitar kwantirola ce ke ɗaukar caji. Ƙarar da ba ta yankewa ita ce shaidar ƙonewa.

Mosfet ba ya ƙonewa haka siddan. Ko dai ruwa ya shiga ƙarƙashin wurin taka ƙafa lokacin damina ko wanki da matsi, ko an ɗora mutum biyu a kan injin wat 250 ana hawa da shi cikin zafin bazara, ko wayoyin inji sun haɗu, ko an sauya manhaja don ƙarin gudu. Wanda ya sa sabon kwantirola bai gano musabbabin ba, kuɗin na uku yake tarawa.

Wajen saye, bolt dole ya dace da na batir. Kafasitocin kwantirolan bolt 36 yawanci iyakarsu 50, don haka batirin 48 zai fasa su. Na 48 kuma a kan batirin 36 zai ɗauka caji ya ƙare ya ƙi tashi. Amfiya kada ta wuce abin da batir zai iya bayarwa. Abin da aka fi mantawa shi ne allo: kwantirola da allonsa suna magana da tsarin saƙo na kamfaninsu, kuma fulogi ya shiga ba ya nufin za su fahimci juna. Sayensu tare ya fi kwanciyar hankali. Na Xiaomi da Ninebot kuwa sai na samfurinsu.

Kafin kwancewa a ɗauki hoton wayoyi. Batir ake fara cirewa, sannan a danna makunni don kafasita ta zubar da ragowar wuta. Sabon ya zauna manne da ƙarfen jikin babur, da man ɗauke zafi idan tsohon yana da shi, domin jikin ne ke sanyaya shi. Launin waya ba abin dogaro ba ne tsakanin kamfanoni: haɗin manyan wayoyi uku da na sensa uku yana da hanyoyi 36, kaɗan ne daidai. Kwantiroli da yawa suna da fararen wayoyi biyu na koyo. A haɗa su, taya ta juya ta gane tsarin da kanta, sannan a raba su. Batir shi ne na ƙarshen haɗawa, bayan an tabbatar ja da baƙa ba su juye ba, don juyewa tana ƙona shi nan take.

Gwajin farko ana yin sa taya a sama, da totur kaɗan. Juyi ya zama sumul ba gurnani, birki ya yanke wuta, wayoyi su kasance a sanyaye bayan ɗan lokaci. Idan suka ɗau zafi babu kaya a kai, haɗin bai daidaita ba, sai a koma kan wayoyin kafin a rufe murfi a toshe gefensa da silikon.