Darasi na 14: Ruwan da Ya Kamata Mu Sha Kowace Rana

Babu gidan da a ke kwana a tashi ba a taɓa ruwa ba. Da shi mu ke tuƙa tuwo, da shi mu ke alwala, da shi mu ke shayar da dabbobinmu. Mai saniya ya san yawan ruwan da ta ke sha, mai jaki ma haka. Amma kaɗan ne daga cikinmu su ka san yawan ruwan da jikinsu ya ke bukata. Abin da za mu koya ke nan a darasin yau.

1. Aikin ruwa a jiki

Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. In an raba nauyin babban namiji kashi 10, wajen kashi 6 ruwa ne. Nauyin lita 1 ta ruwa kilo 1 ne. Watau mutumin da ya kai kilo 60 yana yawo da ruwa wajen lita 36 a jikinsa. Wannan ya fi ƙarfin jarkar nan mai cin lita 25.

Ruwan nan ba a kwance ya ke ba kamar na kududdufi. Shi ne ya ke sa jini ya gudana, ya kai abinci ko'ina a jiki. Da shi ƙoda ta ke wanke dattin jini, ta fitar da shi cikin fitsari. Shi ne kuma ya ke sanyaya mu. Duk mun san yadda randa ta ke tsattsafo, iska ta busa ta, ruwan ciki ya yi sanyi. To, haka gumi ya ke yi wa jiki.

Kullum ruwa yana fita daga jikinmu ta hanya 4: fitsari, da gumi, da numfashi, da bayan gida. Abin da ya fita kuwa tilas ne a mayar da shi.

2. Nawa za mu sha?

A shekarar 2010 masana na ƙasashen Turai sun fitar da ma'auni. Sun ce babban namiji yana bukatar ruwa lita 2 da rabi a yini, mace kuwa lita 2. A cikin wannan lissafi har da ruwan da ke cikin abinci. Wajen kashi 1 cikin 5 daga abinci ya ke zuwa, kamar miya, da gurji, da kankana, da lemo. Saura shi ne wanda za mu ɗaga mu sha. Kunu da koko da fura da nono duk suna cikin abin sha.

Ledar ruwan nan da a ke sayarwa a kasuwa galibi rabin lita ce. Saboda haka namiji ya sha kwatankwacin leda 4, mace leda 3 da ɗan ƙari. Ba mu ce sai an sayi ruwan leda ba. Mu sami leda 1, mu juye ta a moɗar gidanmu, mu ga inda ruwan ya tsaya. Daga ranar mun san awon moɗarmu.

Amma mu lura da wani abu. An yi ma'aunin nan ne domin mutanen ƙasa mai sanyi, waɗanda aikinsu ba mai tsanani ba ne. Mu kuwa a watan Afrilu zafi ya kan wuce maki 40 a Sakkwato da Maiduguri. Mai huɗa a tsakar rana yana iya zubar da gumi lita 1 cikin awa 1. In ya yi awa 4 a gona, leda 4 ba za ta kai shi ko'ina ba. Ma'aunin nan mafari ne, a kansa za mu ƙara gwargwadon zafi da aiki.

Kada mu tafi gona sai da gora ko jarka. Mu ajiye ta a inuwa. Mu riƙa kurɓar kamar kofi 1 kowane minti 20, kada mu jira sai maƙogwaro ya bushe.

3. Waɗanda za a lura da su

Mace mai ciki ta ƙara kofi 1 a kan abin da ta saba sha. Mai goyo ta ƙara wajen leda 1 da rabi, gama nono yawancinsa ruwa ne. Ta ajiye moɗa kusa da ita, duk sa'ad da ta ba da nono ta sha.

Jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da bazara ce. Ba ya bukatar ruwa. Ruwa ya kan cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, yana kuma iya kawo masa gudawa.

Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsu yana bukatar ruwa. Kada mu jira sai sun roƙa, mu riƙa kai musu.

Da hunturu ba mu jin ƙishirwa sosai, amma busasshiyar iska tana kwashe ruwan jiki. Da azumi kuma, mu rarraba shan ruwanmu daga buɗa baki zuwa sahur. Kada mu ɗirka shi duka lokaci guda.

4. Ma'aunin da kowa ya ke da shi

Wanda ba shi da agogo, ba shi da abin awo, yana da fitsarinsa. Mu duba shi. In yana da yawa, launinsa kuma fari-fari kamar busasshen kara, ruwan ya isa. In ɗan kaɗan ne, ya yi duhu, yana wari, jiki yana neman ƙari. Ciwon kai, da jiri, da kasala, da taurin bayan gida, su ma alamu ne. Wanda ya daɗe yana ƙarancin shan ruwa, tsakuwa tana iya fito masa a ƙoda, ciwonta kuwa ba kama hannun yaro.

Akwai alamun da shan ruwa ba ya maganinsu. In mun ga jini a fitsari, yana yiwuwa tsargiya ce. In mutum yana ta sha ƙishirwa ba ta yankewa, yana ta fitsari dare da rana, yana ramewa, yana yiwuwa ciwon suga ne. Waɗannan sai asibiti.

Gudawa tana zubar da ruwan jiki da sauri, har ta kashe yaro. A nan ruwa kaɗai bai isa ba, sai ruwan gishiri da suga. In babu na ƙunshi da a ke samu a asibiti, a zuba suga ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa mai tsabta lita 1. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da nono, a kai shi ga ma'aikacin lafiya.

5. Ruwa da ƙiba

Wasu suna ganin teɓa alamar arziki ce. Amma ƙibar da ta yi yawa tana jawo hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa. Mu kan ji ana cewa shan ruwan zafi da sassafe yana narkar da kitse. Ba haka ba ne. Ruwa ba ya narkar da kitse, mai zafi ko mai sanyi. Yawan gumi ma ba ramewa ba ne. Wanda ya ragu da kilo 1 bayan ya yi gumi, ruwa ya zubar, da ya sha zai dawo.

Amma ruwa yana taimako ta hanya 2. Ta farko, ba ya sa ƙiba ko kaɗan. Lemon kwalba kuwa, a rabin lita guda ana iya samun suga fiye da ƙaramin cokali 10. Wanda ya bar lemon kwalba, ya rage suga a shayi da kunu, ya koma ga ruwa, ya rage wa jikinsa kaya.

Ta biyu, ruwa yana tare wuri a ciki. A shekarar 2015 likitoci a Jami'ar Barmingam ta ƙasar Ingila sun ba da labarin gwajin da su ka yi da masu ƙiba 84. Wasu daga ciki sun riƙa shan rabin lita minti 30 kafin cin abinci. Bayan mako 12, sun fi sauran ramewa da kilo 1 da ɗan ƙari. Taimako ne, amma ƙarami. Babban aikin yana wajen rage loma da motsa jiki.

6. Kome ya yi yawa ɓarna ne

Ƙoda ba ta iya fitar da ruwa fiye da wajen lita 1 a awa 1. Wanda ya ɗirki lita da yawa lokaci guda, gishirin jininsa zai tsinke, ya yi amai, ya ruɗe, har ya suma. Kada a yi gasar shan ruwa. Mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda, wanda ƙafafunsa su ke kumbura, ya bi awon da likita ya ba shi.

Lalle ne kuma ruwan ya zama mai tsabta. Ruwan tafki ko na rijiyar da ba ta da murfi, a tace shi, a tafasa shi, sa'an nan a zuba a randa a rufe. A ware moɗar ɗiba dabam da ta sha. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ta hanya nawa ruwa ya ke fita daga jiki? Faɗi su.
2. Leda nawa ce lita 2?
3. Don me manomi ya ke bukatar ruwa fiye da mai zaman rumfa?
4. Yaya fitsarin wanda ruwa ya ishe shi ya ke?
5. Shin ruwan zafi yana narkar da kitse?

Lissafi

Wani manomi ya yi awa 3 yana huɗa. Kowace awa ya zubar da gumi lita 1. Leda nawa zai sha ya mayar da abin da ya fita?

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan a littafinsa sau 3:

Zan tafi gona da gorar ruwa. Zan rufe randa.