Darasin Kimiyya: Ƙarancin Ruwan Nono ga Mai Jego Mai Larurar PCOS

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya bayyana yadda jiki ke haɗa ruwan nono, da yadda larurar PCOS ke iya rage shi, ya bambance ƙarancin nono na gaskiya da wanda ake zato, sannan ya jera matakan taimakon uwa da jaririnta.

Gabatarwa

Ɗalibai, duk wanda ya tashi a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya saba jin mai jego tana cewa, "Nonona ba ya isar sa." Kafin ta rufe baki an kawo dalilai: wata ta ce ba ta cin abinci, wata ta ce nononta ba shi da kyau, wata ta ce sammu ne ko iska. Ba kasafai ake tunanin wata larura ce a jikinta ba. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce a yankin da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, har likitocin ƙungiyar MSF suka shigo Babban Asibitin Talata Mafara suna kula da yara masu tamowa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ne abincinsa, shi ne ruwansa, shi ne garkuwarsa daga gudawa.

Kashi na ɗaya: yadda nono ke samuwa

A cikin mama akwai ƙananan jakunkuna masu haɗa madara, da 'yan hanyoyi da ke kai ta kan nono. Jakunkunan suna girma sau biyu: lokacin balaga, da lokacin goyon ciki. Shi ya sa mai ciki ke jin mamanta ya cika ya yi nauyi.

Sinadaran jiki ne ke ba da umarni. Furolaktin, wanda ke fitowa daga wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke sa a haɗa madara. Oksitosin shi ke matso ta waje idan jariri ya kama. Furojestaron na mabiyiya kuma yana danne aikin har sai an haihu. Da mabiyiya ta fita sai ya sauka, nono ya kawo sosai a kwana na 2 zuwa na 4. Kafin nan dakashi ne ke fita, kaɗan ne amma daidai da cikin jariri, cike da kariya daga cututtuka. Zubar da shi asara ce.

Daga nan ƙa'ida ɗaya ce ke aiki: gwargwadon abin da aka fitar, gwargwadon abin da jiki zai sake haɗawa. Kamar rijiyar fadamar Bakolori ce, ana ɗiba tana ƙara ɓuɓɓugowa, amma ba kowace rijiya ke da ƙarfin ido ɗaya ba.

Kashi na biyu: mece ce PCOS?

PCOS taƙaitaccen suna ne da likitoci ke kiran wata larura ta rikicewar sinadaran gidan ƙwan mace. Likitoci biyu a birnin Shikago na Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana ta a 1935. A 2003 masana suka haɗu a Rotterdam suka amince cewa ana tabbatar da ita idan an samu biyu cikin alamomi uku: al'ada mai tsallake ko jinkiri saboda ƙwai ba ya fita a kan kari, yawan sinadarin maza, wanda ke kawo gashin haɓa ko na ƙirji da ƙurajen fuska, da ganin ƙananan ƙwayaye masu yawa a gidan ƙwai idan an yi hoton ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kimanin mace 1 cikin 10 a shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba su sani ba. A wajenmu, sau da yawa sai an yi shekaru ana neman haihuwa sannan a gano ta.

Kashi na uku: ina ta haɗu da nono?

Masana suna ganin hanyoyi uku. Ta farko, idan ƙwai ba ya fita a kai a kai tun balaga, furojestaron yakan yi ƙaranci, jakunkunan madara su kasa girma yadda ya kamata. Alamarsa ita ce mace ta yi goyon ciki har ta haihu mamanta bai canza ba. Ta biyu, yawan sinadarin maza na iya rage tasirin furolaktin. Ta uku, jikin mata da yawa masu PCOS ba ya jin umarnin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, alhali jakunkunan madara suna buƙatarsa. Wannan ne ke haɗa larurar da ƙiba, da baƙi-baƙi a wuya da hammata, da ciwon sukari na goyon ciki, wanda shi ma kan jinkirta kawowar nono.

Ku riƙe wannan da kyau: ba kowace mai PCOS ce ke rasa nono ba. Da yawa suna shayarwa lafiya lau, wasu ma nononsu yawa yake yi. Binciken da Eszter Vanky da abokan aikinta suka wallafa a ƙasar Nowe a 2008 ya nuna cewa bambancin masu larurar da sauran mata ya fito ne a watan farko, zuwa wata na 3 kuma ya gushe. Saboda haka makonnin farko su ne lokacin dagewa.

Kashi na huɗu: ƙaranci na gaskiya ne?

Kukan jariri, ko yawan neman nono da yamma, ko laushin mama bayan 'yan makonni, ba hujja ba ne. Hujja biyu ce: fitsari da sikeli. Daga kwana na 5, jariri mai ƙoshi yana fitsari mai haske sau 6 ko fiye a yini da dare. Yakan rage nauyi kaɗan a kwanakin farko, ya koma nauyin haihuwarsa cikin mako 2, sannan ya riƙa ƙara aƙalla giram 500 a wata. Idan fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, maɗiga ta faɗa, ido ya yi shawara, ko barci ya hana shi kama nono, a kai shi asibiti ranar.

A kuma binciki wasu dalilan: zubar jini mai yawa wajen haihuwa, ragowar mabiyiya a mahaifa, ƙarancin jini, larurar maƙoƙo, sabon ciki, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin isturojin.

Kashi na biyar: matakan taimako

1. A ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, ya kama nono cikin sa'ar farko.
2. A gyara kamu. Bakinsa ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa mama, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono. Zafi mai tsanani alamar kamu mara kyau ne.
3. A shayar sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ɓangare biyu. Shan dare yana da muhimmanci, don furolaktin ya fi yawa a lokacin.
4. Bayan ya sha, uwa ta wanke hannu ta tatsa a kofi mai tsabta, a ba shi nan take da ƙaramin kofi ko cokali.
5. Kada a ba shi ruwa ko jiƙo, ko da a zafin Afrilu. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne.
6. Uwa ta ci ta ƙoshi: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale, gero da dawa, ta rage sukari da lemon kwalba. Kunun gyaɗa abinci ne mai kyau. Kunun kanwa kuwa gishirinsa ya yi yawa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da zafin wankan jego, da ciwon zuciya na masu jego. Hulba ma ba ta da tabbacin ƙara nono ga kowa, tana kuma iya sauke sukarin jini.
7. Magani sai da likita. Metformin da ake ba wasu masu PCOS ba ya hana shayarwa, amma ba a tabbatar yana ƙara nono ba. Idan ana buƙatar gwajin sinadarai, ana iya tura uwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Kashi na shida: idan an yi duk wannan bai isa ba

Akwai uwar da za ta yi iyakar ƙoƙarinta nono bai cika ba. Wannan halittar jikinta ce, ba sakaci ba. Abin yi shi ne a ƙara, ba a yaye ba: ya fara da nonon uwa, sannan a cike. Addini ya buɗe ƙofa, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ita ce kuma ta halatta neman mai shayarwa. Sai dai a yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, dangi kuma su shaida, saboda hukuncin 'yan'uwantakar nono. Idan madarar gwangwani ta jarirai ce, a haɗa ta da tafasasshen ruwa bisa awon da ke jikin gwangwanin, kada a tsinka ta don ta daɗe, a bayar da kofi, don bulumboti yana da wuyar wankewa. Nonon saniya ko na akuya, da koko, ba abincin ɗan ƙasa da wata 6 ba ne.

Miji da uwar miji suna da rabo a nan. Gori da tsangwama suna hana oksitosin sakin nono. A sauƙaƙa mata surfe da ɗibar ruwa, a raka ta awon jariri.

Taƙaitawa

Sinadarai ke fara nono, yawan fitarwa ke riƙe shi. PCOS na iya rage shi ga wasu mata. Fitsari da sikeli ne alƙalai. Kowane ɗigon nonon uwa yana da amfani ko da ana cikewa da wani abu.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin furolaktin, mene ne na oksitosin?
2. Kawo hanyoyi uku da PCOS ke iya rage nono.
3. Jariri ɗan kwana 20 bai koma nauyin haihuwarsa ba. Me za ka shawarci iyayensa?

Aikin gida

Ku tambayi wata dattijuwa a gidanku abin da ake ba mai jego don nono ya kawo. Ku rubuta amsarta, ku auna ta da wannan darasi, ku ware abin da ya dace a riƙe da wanda ya kamata a bari.