MALAMIN TURANCI A TSIBIRIN PUKET

Can gabas mai nisa, bayan an wuce Indiya, akwai wata ƙasa da ake kira Tailan. A da sunanta Siyam, sai a 1939 aka sake mata suna. A kudancinta, cikin Tekun Andaman, akwai wani tsibiri wai shi Puket. Tsibiri kuwa, kun sani, ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tsawon Puket kamar mil 30 ne, faɗinsa mil 13. Daga Bankok, babban birnin ƙasar, tafiyar fiye da mil 500 ce a mota, kuma tun 1967 akwai gada wadda ta haɗa tsibirin da sauran ƙasar.

A zamanin da, arzikin Puket kuza ne, kamar yadda Jos ta yi suna da shi. Bayan kuza kuma akwai su, da noman roba da kwakwa. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, sai mutanen tsibirin suka ƙara mai da hankali ga saukar baƙi masu yawon buɗe ido, gama Allah ya ba su farin rairayi da ruwa garau. Miliyoyin mutane ke zuwa shan iska kowace shekara.

To, ga Bajamushe, ga Balarabe, ga mutumin Rasha, ga na Indiya, duk sun sauka a otal guda. Da wane harshe za su nemi abinci? Sai da Turanci. Amma Turawa ba su taɓa mulkin Tailan ba, saboda haka Turanci bai zauna a can kamar yadda ya zauna a ƙasarmu ba. Ɗan masunci in ya iya Turanci ya sami aiki a otal, ko a jirgin ruwa, ko a filin jirgin sama. In bai iya ba, sai aikin ya wuce shi. Shi ya sa makarantu ke ɗaukar malamai daga Ingila, da Amurka, da Afirka ta Kudu, da Filifin, da sauran ƙasashe.

Samari da 'yan mata da yawa sukan ga hoton tsibirin, su ce, "Ai nan za mu, mu koyar da safe, mu yi iyo da yamma." Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai son wannan aiki sai ya kasance da digiri na jami'a. Yawanci kuma yakan yi kwas na kamar mako huɗu, watau awa 120, inda ake koya masa yadda ake koyar da Turanci ga wanda ba harshensa ba ne. Sa'an nan ya nemi fasfo, da bizar aiki, da takardar izinin yin aiki, da yardar hukumar malamai ta ƙasar. Wanda ya shiga da bizar yawo ya kama koyarwa a ɓoye ya karya doka. In aka kama shi sai a ci shi tara, a mayar da shi gida.

Ana buɗe makarantu a tsakiyar watan Mayu, watau daidai faɗuwar damina, wadda takan kai har Oktoba. Sabon malami yakan sauka cikin ruwan sama da gumi, ya tarar teku ta yi fushi, an kafa jajayen tutoci a bakin gaɓa don hana iyo. Hoton da ya gani tun yana gida na rani ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Ga shi kuma Puket na cikin wurare mafi tsada a ƙasar, domin baƙi sun ɗaga farashin ɗaki da na abinci. Malami mai hankali sai ya kama ɗaki a cikin gari, ya ci shinkafa da kifi da barkono a kasuwa tare da 'yan gari. In Musulmi ne ba zai rasa masallaci ba, gama ko da yake yawancin mutanen mabiya addinin Buda ne, akwai Musulmi da yawa a tsibirin.

Da ƙarfe takwas na safe yara sukan yi layi a ɗaga tuta, a yi taken ƙasa. Daga nan sai aji, wani lokaci yara kusan arba'in, kuma malami bai san harshensu ba. Harshen Tai yana da baƙaƙe 44, kuma ba a barin fili tsakanin kalmomi in ana rubutu. Yana da karin sauti biyar. Ku Hausawa kun san wannan abu, domin da karin murya kuke rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya. Kalmar aikatau tasu ba ta sāke siffa don jiya ko gobe, ta Turanci kuwa tana sākewa, to, nan yara suke shan wuya. Har wa yau, kalmar da ta ƙare da "l" sukan ƙare ta da "n". Sai malami ya yi ta maimaitawa, da hoto, da wasa, da nuni da hannu, har harshe ya faɗa.

Shi ma malamin ɗalibi ne. Dole ya koyi gaisuwarsu, watau haɗa tafin hannu biyu a ƙirji a sunkuyar da kai. Ba a taɓa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa, ba a shiga gida da takalmi. Wanda ya daka tsawa cikin fushi, a wurinsu kansa ya kunyata.

Akwai wata rana ta girmama malamai, wata Alhamis a farkon shekarar karatu. Yara sukan durƙusa gaban malamansu su miƙa musu furanni. A ciki akwai furen gauta, domin yakan sunkuya in zai yi 'ya'ya, alamar ladabi ke nan. Akwai wata ciyawa mai yaɗo wadda ko an tattake ta sai ta sake tohowa, alamar haƙuri.

Haƙurin nan kuwa mutanen Puket sun san shi. Ran 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ta tayar da igiyar ruwa wadda ta afka wa yammacin tsibirin, mutum fiye da 5,000 suka mutu a ƙasar Tailan. A 2020 kuma annobar korona ta hana baƙi zuwa, otal-otal suka rufe, iyayen yara da yawa suka rasa aiki, sai ran 1 ga Yuli, 2021, aka sake buɗe musu ƙofa.

Wani malami yakan yi wata biyu, ya ga aikin ya fi shan iska yawa, ya ɗaure kayansa da dare ya tafi. Da safe yara su zauna suna duban ƙofa. Wani kuwa yakan daure har watan Maris, ƙarshen shekarar karatu, ya ji ɗan masuncin nan da bai iya ko gaisuwa ba yana kwatanta wa baƙo hanyar kasuwa da Turanci. Wannan shi ne ya cika alkawarin da ya kawo shi.

TAMBAYOYI

1. Mene ne tsibiri? A cikin wace teku Puket yake?
2. Me ya sa yaran Puket suke bukatar Turanci?
3. Faɗi takardu uku da malami zai nema kafin ya kama aiki.
4. Ta wace hanya harshen Tai ya yi kama da Hausa?
5. Mene ne ma'anar "hangen Dala ba shiga birni ba ne"?
6. Rubuta layi biyar a kan abin da za ka koya wa baƙon malami in ya zo garinku.